Igiyar Dogo Mai Rijiya

A Kebbe, in mutum ya ce maka saura damina uku rijiyarsa ta ƙafe, tambaye shi ko Dogo ne ya faɗa. In Dogo ne, to ya fara neman inda zai riƙa ɗebo ruwa. Kakana ne, mahaifin mahaifiyata, saboda haka ina da ikon in faɗi laifinsa kafin in yabe shi: ga taurin kai, ga son maiƙo, ga raina asibiti, alhali jikarsa a asibiti take cin abinci. Ni ce jikar. Sunana Najiba, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a cikin garin Tambuwal. Tun ina rarrafe yake kirana amaryarsa, ni kuma ina kiransa tsohon ango, kamar yadda jika da kaka suka saba tsokanar juna.

Sunansa na yanka Nu'umanu, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da shi ba. Tsawonsa ya isa a ce ba shi da abin yi a cikin rami, sai ga shi tun yana matashi ya bi mahaifinsa haƙar rijiya, bai kuma sake wata sana'a ba. Daga Kebbe zuwa Sanyinna har Jabo, rijiyoyin da ya haƙa ko ya yashe sun haura sittin. Bai san shekarar da aka haife shi ba. Da za mu buɗe masa kati a asibiti, sai da muka zauna da kakata Atu muka yi ta lissafin aure da haihuwa, muka tsaya a kan saba'in da ɗoriya.

Ba haƙar ce ta sa ake girmama shi ba, masu haƙa suna da yawa. Awo ne. A zaurensa akwai turaku a jikin bango, kowanne da siririyar igiyar rama a rataye, da ɗan dutse ɗaure a ƙarshenta. Kowace rijiya da tata igiyar. Sau ɗaya a shekara, a ƙarshen bazara, lokacin da hadari ya fara leƙowa daga gabas amma ruwa bai sauka ba, sai ya bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Yakan isa da an idar da sallar asuba, kafin gugan kowa ya shiga. Ya zura igiya har dutsen ya taɓa ƙasa, ya jawo, ya ƙulla ƙulli daidai inda jiƙa ta tsaya. Baɗi ya sake. In ƙulli uku suka samu, sai ya auna tazarar da ke tsakaninsu da yatsunsa, ya bi da wannan tazarar zuwa wajen dutse, yana ƙirgawa. Daga nan zai ɗaga kai ya ce wa mai rijiya saura damina kaza.

Yana da dokoki biyu da ba ya karyawa. Ba ya auna rijiya bayan an sha ɗiba a cikinta, ko da mai gari ne ya tsare shi a bakinta. Kuma ba ya yanke hukunci da ƙulli ɗaya. Akwai shekarar da ya ga ƙullin rijiyar Arɗo Ɗanmaliki, a wata ruga bayan Kebbe, yana saukowa da sauri. Ya sa aka lulluɓe bakinta da ƙaya, ya ce bazara biyu mutane kawai za su sha, shanu a kai su fadama. Arɗo ya yi fushi har ya daina amsa masa gaisuwa. Rijiyar nan har yau ana sha, kuma duk shekara Arɗo na aiko masa da man shanu, wanda bai kamata ya ci ba.

Bai kamata ya ci ba saboda ciwon suga ya kama shi shekara goma sha biyu da suka wuce. Atu ce ta fara lura, ganin yadda tururuwa ke taruwa inda ya yi fitsari. Yana shan magani in ya tuna, ya bari in ya ji ƙarfi. Da na samu aiki a 2021, na kafa masa doka: duk shekara bayan girbi zai hau kabu-kabu ya zo Tambuwal da sassafe in ɗebi jininsa in duba ƙodarsa, domin suga in ya daɗe a jiki ƙoda yake ci a hankali, mutum bai ji komai ba. Ya yarda ne kawai don yana son ganin kasuwa.

A gwajin ba ƙodar ake gani ba. Akwai wani datti da tsokar jiki ke zubarwa cikin jini, ƙoda kuma ta tace shi. Muna auna yawansa, mu haɗa da shekarun mutum, mu fitar da lamba da ke kimanta ƙarfin tacewar. Matashi mai lafiya yakan kai ɗari. In lambar ta sauka ƙasa da goma sha biyar, an shiga maganar wankin ƙoda da na'ura, kuma mu nan sai an je Sakkwato. Shekarar farko Dogo ya samu saba'in. Ta biyu sittin da shida. Ta uku sittin da biyu. Ban taɓa zama na yi masa bayani ba. Nakan ce masa da sauƙi, ya ce dama ya sani, ya wuce layin masu tsire.

Sai azumin 2024, wanda ya faɗo a tsakiyar zafi. Ran ashirin ga wata, bayan la'asar, ina shirin tashi sai ga shi ya shigo. Daga Sanyinna yake, ya biyo ya gaishe da amarya. Na ga idonsa ya faɗa, leɓensa ya bushe. Maimakon in tambaye shi abin da ya je yi can, sai na ce tunda Allah ya kawo shi, bari in ɗebi jini. Ya miƙo hannu yana mita, ya tafi don ya riski buɗa-baki a gidan wani abokinsa.

Talatin da bakwai.

Na sake saka jinin a na'ura, ta sake ba ni talatin da bakwai. Na ɗauki biro na ja layi a bayan takarda: daga sittin da biyu zuwa talatin da bakwai a wata biyar, wato biyar duk wata. Kafin a yi girbi ya kai goma sha biyar. Likitanmu ya riga ya tashi, ni kuwa ban jira safiya na nuna masa ba, ban kuma nuna masa washegari ba, don a ganina babu abin da zai gaya mini wanda ban sani ba. Wannan girman kai ne, kuma gadonsa na yi, kowa ya san daga wurin wa. Na kira Kawu Maccido, babban ɗan Dogo da ke zaune a Sakkwato, ina kuka. Kawu mutum ne da ba ya jinkiri. Kafin Sallah ya sa an gyara ɗaki a gidansa, ya ce tsoho ya gama zaman Kebbe, zai dawo kusa da inda ake wankin ƙoda.

Kwana uku bayan Sallah muka kama hanyar Kebbe a motar Kawu, muna faɗawa rami muna fita. Mun tarar labari ya riga mu. Mutane na shiga suna fita, ana gaishe da Dogo irin gaisuwar da ake yi wa wanda ba a sa ran dawowarsa. Atu ta ɗaure kaya, idonta ya yi ja. Shi kuwa yana zaune a zaure ƙarƙashin igiyoyinsa, ya tanƙwashe dogayen ƙafafun nan, bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Na san abin da ke ransa. Mutumin da ya san ɗanɗanon ruwan kowace unguwa a ƙasar nan, a kai shi ɗakin siminti ya riƙa jiran ranar asibiti, ba zai daɗe ba.

Da mutane suka ragu, ya dube ni.

"Amarya, zamna nan. Karo fuɗu ke nan kina ɗibam min jini, ba ki taɓa gaya min mi kika gani ba. Yau sai kin gaya min. Mi ƙodag ga taka yi?"

Na zauna na fara da gajen haƙuri, don Kawu na duba agogo. Na ce ƙoda biyu ce, kowace ba ta fi dunƙulen hannu ba, kuma a mai lafiya ruwan da suke tacewa daga jini a kwana ɗaya ya kai jarka bakwai, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da dattin kawai.

Ya tsayar da ni da hannu. "Jarka bakwai? Kullum?"

"Kullum. Kana barci suna yi."

Ya ɗora tafin hannunsa a kwiɓinsa. "Subhanallahi. Ba guga, ba igiya, ba mai yasa. Shekara hamsin ina bisa rijiyoyin mutane, ashe ga wadda tah fi su aiki nan cikina, ban taɓa ce mata sannu ba."

Ni da na karanta wannan don cin jarrabawa, ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi a kansa ba sai ranar.

Ya miƙe ya ɗauko sabuwar igiya. Ya ce in gaya masa lambar da ake cewa ta ƙare. Na ce ba sai ta kai sifili ba, goma sha biyar ce. Ya gyaɗa kai, ya ce haka rijiya take, tana mutuwa ne ranar da guga ya fara kawo laka, ba ranar da ta bushe ba. Ya ɗaura dutse, ya ce nan ne sha biyar. Ya mai da faɗin yatsa ɗaya lamba ɗaya, ina faɗa yana ƙullawa. Saba'in, sittin da shida, sittin da biyu. Ƙulli uku suka jeru, yatsa huɗu-huɗu a tsakaninsu. Na huɗun ya faɗa can ƙasa shi kaɗai. Ya ɗaga igiyar a hasken ƙofa yana kallonta, ya daɗe.

"Ukun ga na farko, yaushe kinka auna su?"

"Bayan girbi. Da safe."

"Na sha ruwa?"

"Ka sha."

"Wanga fa?"

Na ce, "Cikin azumi. Da la'asar."

"Kin san inda nif fito rannan? Rijiyar masallaci niy yashe Sanyinna, tun hantsi ina ƙasa, zufa awa an kwara min ruwa. Kuma kwana bakwai ina shan ƙwayar ciwon baya da sahur, biyu-biyu, wadda mai kemis yab ba ni." Ya sauke igiyar ya dube ni, ba fushi, sai wani murmushi da ya fi zagi zafi. "Ke amarya, ashe bayan shanu sun sha kinka auna ni."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. An koya mana wannan a makaranta, da bakin malami da kuma a littafi: ƙishirwa mai tsanani da irin waɗannan ƙwayoyin ciwon jiki suna iya durƙusar da ƙoda na ɗan lokaci, kuma ba a jan layin shekaru da sakamako ɗaya, sai an maimaita. Na sani, na ci jarrabawa a kai. Tsoro ya sa na manta, sai mutumin da ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko ya tuna mini.

Kawu Maccido bai ji daɗi ba. Ya ce, "Baba, wagga ba rijiya ba ta, rai na. Ba mu yin caca da igiya."

"Ban ce ƙarya taka yi ba, Maccido. Cewa niy yi a sake awo. In yas sake fitowa nan ƙasa, ni da kaina za ni shiga motakka, ba ni ko waiwaye."

A kan haka aka tsaya. Na ƙwace sauran ƙwayoyin, na ce ya sha ruwa sosai, kada ya leƙa rami. Atu ba ta kwance kayan ba. Washegari na je na faɗa wa likitanmu, Likita Suhaibu, duk abin da na yi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce da na nuna masa tun ranar, da an hana tsohon ƙarasa azumin, kuma Allah ne ya tsare. Bai ƙara ba, ban kuma buƙaci ƙari ba.

Bayan kwana goma Dogo ya zo da sassafe, Kawu ya taso daga Sakkwato. Na ɗebi jinin. Ban taɓa jin na'urar nan ta yi jinkiri kamar ranar ba. Da takarda ta fito na kasa karantawa a bayyane, sai na miƙa wa likita.

"Hamsin da bakwai," in ji shi.

Dogo bai yi hamdala da ƙarfi ba, bai kuma dube ni ba. Ya zaro igiyar daga aljihu a gaban likita, ya ƙirga yatsu, ya ƙulla sabon ƙulli ɗan ƙasa da na uku. Sannan ya haɗa yatsu huɗu ya fara bi zuwa wajen dutse, leɓensa na motsi. Likita ya ɗauki wayarsa yana nasa lissafin.

"Damina goma," in ji Dogo, "da ɗan ƙari. In ba ta rufta ba. Wata takan tafi sannu-sannu, sai shekara guda ta rufta, wannan sanin Allah na."

Likita Suhaibu ya dubi wayarsa, ya dubi igiyar, ya juyo mini da fuskar wayar. Goma da rabi. Ya ce a ba shi igiyar ya riƙe, ya juya ta a hannunsa, ya tambayi wanda ya koya wa Baba wannan. Dogo ya ce mahaifinsa, shi ma daga nasa mahaifin. Likita ya ce shi sai da ya shekara shida a jami'a, kuma ko maganar ruftawar daidai ce, lissafin kimantawa ne kawai, babu mai alkawari a kai. Ya ce gwajin fitsarin da muka haɗa da shi ya nuna ƙodar ta fara ɗan yoyo, ya rubuta maganin hawan jini da ke kare ta, ya ce a sake awo bayan wata uku. In aka riƙe suga da kyau, tazarar na iya raguwa. Zuwa Sakkwato dai babu dalilinsa yanzu.

Na miƙa hannu zan kwance ƙullin nan na talatin da bakwai, don kunya yake ba ni. Dogo ya buge mini hannu.

"Bar shi. Shi ma awo na. Bai gwada muna shekaru ba, amma ya gwada muna inda ƙishirwa ka kai ni."

Da bakinsa ya ɗaure kansa. Likita ya ce tunda Baba ya gane haka, sharuɗɗan zama Kebbe uku ne: ba ƙwayar kemis, ba shiga rami, kuma ba azumi a irin wannan zafin, don in ƙodar ta sake faɗawa can ƙasa, ba lallai ta hauro ba. Biyun farko ya karɓa da mita. Na uku ya ce a'a. Tun kafin ya balaga bai sha azumi ko ɗaya ba, har a shekarun da yake wuni a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce da wane ido zai dubi jikokinsa suna azumi shi yana tauna. Kawu ya ce in haka ne mota na waje. Muryoyi suka fara tashi.

Ni da na jawo duk wannan, na ga in ban yi magana ba za a koma gidan jiya. Na ce, "Tsohon ango, rijiyar Arɗo Ɗanmaliki, wa ya rufe ta da ƙaya? Arɗo ya so?"

Ya harare ni, sannan ya ce ya ji. Ya naɗe igiyar a yatsunsa a hankali, ya mayar aljihu. Ranar ce Atu ta kwance kayanta.

Bai tsaya a maganar likita ba, sai da ya je wurin limamin unguwarsu, wanda ya tabbatar masa cewa mai irin wannan ciwo ciyarwa ce a kansa, kuma karɓar sauƙin da Allah ya yi shi ma biyayya ce. Awon wata uku ya ba da hamsin da takwas, na bayan girbi ma haka. Rijiyoyi kuwa bai bar su ba. A ƙarshen bazara yana bin su da igiyoyinsa kamar kullum, daga baki kawai, yana yi wa masu shiga faɗa daga sama.

Ranar farko ta azumin 2025 na ɗauki hutu na tafi Kebbe, don ban yarda da shi ba. Na isa wajen azahar. Atu na tsakar gida tana auna gero a mudu, na wanda za a ciyar. Ta nuna mini ɗakinsa da baki, ta ce tun safe bai sa komai a bakinsa ba, bai kuma ce yana azumi ba.

Na same shi zaune a bakin gado, igiyar a cinyarsa, yana murza ƙullin nan na ƙasa da babban yatsa. Bai tsokane ni ba, karon farko a sanina. Ya ce in je rijiyar gida, wadda ya fara haƙawa da hannunsa shekarar da ya auri Atu, in ɗebo masa da kaina. Na ɗebo, na zuba a kofin silba, na kawo. Ya karɓa da hannu biyu. Hannuwan nan da suka fi shekara hamsin suna fasa marmara, ga su yau sun rungumi kofi. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa, bai share ba.

"Rufe ƙofa, amarya. Ki juya baya."

Na rufe, na juya, ni ma idona ya cika. Na ji ya ce bismillahi, muryarsa can ƙasa. Sai shiru, har na ɗauka ya fasa. Sannan na ji ya haɗiye, sau ɗaya, sau biyu, har kofin ya ƙare.